Dutse Da Taurarinta: Ƙungiyar Da Ba Ta Kwana A Gida

Wanda ya taso daga Kano, ya ƙetare gadar Wudil, ya bi ta ƙasar Gaya har Shuwarin, duwatsu ne za su fara yi masa maraba kafin ya ga rufin gida ko ɗaya. Su ne suka ba garin suna, a jikinsu kuma Garu take, inda tsohuwar fadar Sarkin Dutse ke kallon sabon birni daga sama. Tun ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka yanke Jigawa daga Jihar Kano, Dutse Gadawur ta samu abubuwan da ake gane babban birni da su: sakatariya, tituna masu faɗi, jami'ar tarayya tun 2011, da filin jirgin sama. Abu guda ya rage da har yau bai zauna da gindinsa ba, shi ne ƙungiyar ƙwallon ƙafar da mutumin Dutse zai bugi ƙirji ya ce tasa ce.

Ba ƙaunar tamaula ce ta yi ƙaranci ba. Aikina na koyarwa kan kai ni Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, kuma babu inda na taɓa ratsawa bayan la'asar ban tarar da yara sun kafa duwatsu biyu a matsayin raga ba. A Takur da Fagoji, filin kowace makarantar firamare yana da masu shi da yamma, kowane rukuni da lokacinsa. Idan dare ya yi, gidajen kallo su cika maƙil, ƙarar janareta na gasa da ihun samari. Sai dai duba rigunan da ke jikinsu: Arsenal, Chelsea, Barcelona, Real Madrid. Idan ka ga rigar gida, mafi yawa ta Kano Pillars ce. Na kan tambayi ɗalibaina su lissafa 'yan wasan Manchester City, su jero su kamar karatun allo. In na ce su kawo sunaye uku daga Jigawa Golden Stars, sai aji ya yi tsit.

Alhali ƙungiyar tana da tarihin da ya isa a ba da labari. Ta buga gasar Firimiya ta Najeriya a kakar 2012, shekarar da maƙwabciyarta Pillars ta ɗauki kofi, ita kuwa ta faɗo. Ta yi haƙuri a rukuni na biyu har 2019, lokacin da ta sake haurowa tare da Adamawa United da Warri Wolves da Akwa Starlets. Annobar korona ta katse kakar farko, a ta biyu kuma, cikin 2021, ta sake komawa ƙasa. Abin da ya fi faɗuwar ciwo shi ne inda aka yi wasannin. A waɗannan shekaru ƙungiyar ta karɓi baƙuncin abokan karawarta a filayen aro a wajen jihar, saboda filayen gida ba su cika sharuɗɗan gasar ba. Yaron da ke Limawa bai ga Enyimba ko Rangers sun sauka a garinsu ba, balle ya riƙe ranar a zuciyarsa. Zanen aro ba ya rufe katara. Har laƙabin da 'yan jarida suka riƙa kiran ƙungiyar da shi a lokacin, an ɗauko shi ne daga sunan gwamnan da ke kan kujera. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa ake ɗauka a matsayin mai ita.

Mai karatu zai iya cewa Dutse ƙaramin gari ne, ba za a haɗa shi da Kano ko Aba ba. A nan ne labarin ƙasar Suwidin, can arewacin Turai, yake da amfani gare mu. A gaɓar tekun kudancin ƙasar akwai wani ƙauyen masunta mai suna Hällevik, wanda mazaunansa ba su kai dubu biyu ba. A nan ƙungiyar Mjällby, wadda aka kafa a 1939, take da filinta, filin da ba ya ɗaukar ko mutum dubu goma. A 2018 tana rukuni na uku. A 2025 ita ce zakaran ƙasar baki ɗaya, karo na farko a tarihinta, ta sha gaban manya irin su Malmö, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin Turai a 1979, da IFK Göteborg, wadda ta ɗauki kofin UEFA a 1982 da 1987. Kiyawa kaɗai ta ninka wannan ƙauye sau da yawa, Jigawa kuwa ƙidayar 2006 ta ba ta sama da mutum miliyan huɗu.

Ba attajiri ne ya sayi Mjällby ya zuba mata dukiya ba, domin dokar wasanni ta ƙasar ba ta ba shi wannan dama ba. A Suwidin akwai ƙa'idar da ake kira ta kashi 51: komai kuɗin mai zuba jari, rinjayen ƙuri'a yana hannun mambobin ƙungiya, wato mutanen gari da ke biyan kuɗin kati kowace shekara. Su ke zaɓen shugabanni a babban taro, a gabansu ake karanta lissafin shiga da fita, su ke sauke wanda ya gaza. Ƙarfinsu ya kai har sun ƙi amincewa a shigo da na'urar bidiyo mai taimaka wa alƙalin wasa cikin gasarsu, alhali manyan gasannin Turai sun rungume ta. Ko mutum ya yarda da ra'ayinsu ko bai yarda ba, ya san cewa masu abu ne suka yi magana.

Wannan tsari bai hana tuntuɓe ba. Östersund, ƙungiyar wani gari mai mutum wajen dubu hamsin, an kafa ta a 1996. Baturen Ingila Graham Potter ya karɓe ta a rukuni na huɗu cikin 2011, ya kai ta rukunin farko, ta ci kofin ƙasar a 2017, ta kuma doke Arsenal da ci 2 da 1 a Landan a Fabrairun 2018. Bayan haka matsalar kuɗi ta taso mata, ta faɗo a 2021, shekara guda da tamu. Bambancin shi ne ta faɗo ne a filinta, a gaban mutanenta, kuma akwai taron da mamba zai miƙe ya tambayi inda kuɗi suka shiga. Wanda ya faɗi a tsakar gidansu yana da mai ɗaga shi.

Akwai ma zaren da ya haɗa mu da su kai-tsaye. Alhassan Yusuf, haifaffen Kano, ya tafi IFK Göteborg yana matashi a 2018, ya ci kofin ƙasar da ita a 2020, ya wuce Antwerp ta Beljiyam a 2021, daga bisani ya sanya rigar Super Eagles a gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa. Ƙasar da ta haife shi da wadda ta haifi yaran Jahun iri ɗaya ce, rairayi ɗaya, rana ɗaya. Idan ƙungiya ta raini yaro ta sayar, kuɗin na iya ɗaukar nauyinta shekara guda ko fiye. Mu kuwa namu sukan tsufa a filin firamare ba wanda ya rubuta sunansu.

Ban ce gwamnati ta janye hannunta gobe ba; a halin da ake ciki, ranar da ta janye ranar ƙungiyar za ta mutu. Abin da nake kira gare shi shi ne a fara raba nauyin, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na farko, a gyara filin wasa na Dutse ya cika sharuɗɗan gasa tun kafin a hau, kada a jira sai an hau a shiga neman masauki. Na biyu, a buɗe rajistar mambobi da kati mai sauƙin kuɗi, wanda ɗan acaɓa da mai sayar da dabino da malamin jami'a za su iya saya, a ba su kujeru a hukumar gudanarwa, a kuma karanta musu lissafi kowace shekara. Na uku, a tsayar da gasa mai ɗorewa tsakanin ƙananan hukumomi 27, ta zama rariyar da ƙungiyar jiha za ta tace 'yan wasa, daga Gwaram har Maigatari. Masarautun Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim suna da kimar da za ta sa iyaye su saki jiki.

Na huɗu ya rataya a wuyanmu, mu malaman jami'a. Tsofaffin 'yan wasan da suka sa wa jihar nan riga suna nan da ransu, hotuna na cikin akwatuna, labarai na bakin masu su. Ɗalibin tarihi ko na aikin jarida da ke neman abin da zai rubuta kundin kammala karatu a kai, ga fage a buɗe. Ƙungiyar da ba ta da tarihi a rubuce, kowace sabuwar hukuma daga farko take fara ta.

Gwamnoni suna zuwa suna wucewa: na soja sun yi nasu, na farar hula suna kan yi. Ƙungiyar da ta jingina da kujera, da kujerar za ta riƙa tashi tana zama. Wadda ta jingina da mutanen gari kuwa, za ta iya faɗuwa rukuni, amma ba za ta rasa wurin kwana ba.