Daga Agadas zuwa Timiya bisa moto: abin da muka gano cikin duwatsun Abzin

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa daga cikinku ya san kantu. Kowa ya san raƙuman Abzinawa da ke sauka gonakinmu bayan an kwashe hatsi, su ci kara, su bar mana taki. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganin ƙasar da mutanen nan suke fitowa. Shi ya sa a wannan wata za mu ba ku labarin Abzin, da hanyarta, da garakenta. Mun tafi mu 2 bisa moto guda, ni da wani abokina makanike. Mun zaɓi watan Maris, ƙarshen ɗari farkon bazara. A lokacin sanyi ya ragu, zafi bai yi tsanani ba, ƙoramu kuma duk sun bushe.

Agadas, ƙofar dutse

Wanda ya taso daga Damagaram zai bi ta Tanut da Adarbisnat kafin ya kai Agadas. Tafiyar ta fi kilomita 400, kuma kusan duk fili ne. Tun daga nesa za ka hangi hasumiyar babban masallaci. Da laka aka gina ta, tsawonta mita 27. An fara gina masallacin wajen shekarar 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Bahaushe ba ya zama baƙo a Agadas, don Hausa ake yi a kasuwa da cikin unguwanni.

A nan ne matafiyi ke yin shiri, don gaba babu shago a kowane zango. Mun cika tanki da isansi, muka ɗaura wani cikin bido. Mun ɗauki ruwan sha mai yawa, da kayan faci, da famfon iska, da ƴan ƙarafan gyara. Abokina ya duba birki, ya ɗaure sarƙar moto, ya zuba mata mai. Sannan muka je muka shaida wa hukuma inda za mu, muka tambayi direbobin da suka sauko kwanan nan halin da hanya take ciki. Wannan ba abin wasa ba ne. Yankin ya ga tashin hankali a shekarun 1990, da kuma daga 2007 zuwa 2009, har aka binne nakiyoyi a wasu wurare. Baƙo ba ya barin sawun motoci ya kama tasa hanya.

Hanyar da ba ta son gaggawa

Daga Agadas zuwa Timiya kilomita wajen 220 ne. A kan gudro, mai moto zai yi wannan kafin azahar. A Abzin kuwa sai da muka kwana a hanya.

Mun fita bayan sallar asuba, muka bi ƙoramar Telwa muka nufi arewa maso gabas. Da hantsi muka kai Dabaga. Har zuwa nan akwai goriba da garake a gefen ƙorama, ido yana hutawa. Daga nan ƙasa ta fara tashi. Duwatsu baƙaƙe suka tare gaba, kamar an ƙone su da wuta. Masana sun ce a zamanin da can wuta ce ta fito daga cikin ƙasa, ta daskare ta zama wasu daga cikin duwatsun nan.

Hanyar tana murɗewa kamar macijin da aka taka wa wutsiya. Ka hau, ka lanƙwasa hagu, ka lanƙwasa dama, ka gangara cikin ƙorama, ka sake hawa. Wani wuri dutse na hannunka na dama, rami na hannunka na hagu. Ba ka ganin abin da ke bayan lanƙwasa. Yana iya zama babbar mota cike da buhuna, yana iya zama jakuna ko garken awaki. Don haka kafin kowace lanƙwasa sai a rage gudu, a busa oda, a riƙe gefen dama.

Abokina ya san hanyar, kuma ga yadda na ga yana yi. In za a hau, tun daga gindin tudu yake sa ƙaramar giya, ba ya jira sai moto ya gaji a tsakiya. In za a gangara, ba ya kashe inji don tsimin isansi. Yana barin moto cikin giya, inji na riƙe shi, birki na taimakawa kaɗan kaɗan. Ya ce wanda ya danne birki tun daga sama har ƙasa, birkin zai yi zafi, ya ƙi kamawa lokacin da ake bukatarsa. A kan tsakuwa ba ya damƙe birkin gaba da ƙarfi, don taya na iya zamewa. Cikin yashin ƙorama kuwa yakan rage iskar taya kaɗan, ni in sauka in bi shi da ƙafa. Sau 2 duwatsu masu kaifi suka huda mana taya. Muka zauna ƙarƙashin ƙaya, muka yi faci, muka ci gaba.

Da rana ta take, sai mu tsaya. Inji na bukatar hutu kamar yadda jaki ke bukata. Daga wani tudu mun hangi duwatsun Bagzan can gabas, sun yi shuɗi don nisa. A cikinsu ne dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar yake, mita 2,022. Akwai ƙauyuka da garake a bisansu.

Mun wuce Elmeki, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Magariba ta same mu kusa da wani zango na makiyaya. Mai zangon, wani dattijo, ya tarbe mu da Hausa sarai. Ya ce: "Malam, ku sauka. Dare ba ya da hanya a nan." Ya dafa shayi, aka sha sau 3 kamar yadda al'adarsu take. Aka gasa gurasa cikin toka da yashi mai zafi, aka kawo cuku da nonon akuya. Da rana mun yi gumi, amma da dare sai da muka shiga bargo. Na ce masa: "Baba, ina ka koyi Hausa haka?" Ya yi dariya, ya ce tun yana yaro yake bin ayari zuwa Damargu da Damagaram.

Timiya

Washegari da hantsi muka hau wani tudu. Da muka lanƙwasa, sai ga kore shar a tsakanin baƙaƙen duwatsu. Dabino ne da itatuwan lemu sun bi gefen ƙorama. Wannan ita ce Timiya, garin Abzinawan da ake kira Kel Ewe. Bisa wani dutse akwai tsohon ginin soja na zamanin mulkin Faransa. Wanda ya hau can zai ga garin duka: gidajen laka, farin yashin ƙorama, da garake a jere. Kusa da gari akwai wurin da ruwa ke zubowa daga dutse, ya taru a ƙasa cikin wani kwarmi. Mun wanke ƙurar hanya a wurin. Ruwan sanyi ƙarara.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne garake. Ruwan sama a Abzin kaɗan ne, ba ya isa a yi noman damana irin namu. Ƙasar noma ma ƴar siririya ce, tsakanin dutse da yashi. Amma cikin garka guda za ka ga hawa 3. A sama dabino. A tsakiya lemu da rumman da ɓaure da inabi. A ƙasa alkama, masara, albasa, tafarnuwa, tumatir da dankalin Turawa. Babban itace na yi wa ƙarami inuwa, ƙarami na yi wa fangali inuwa. Babu taƙi guda da aka bari banza.

A watan Maris alkama ta yi ja, ana shirin yanka. Lemu ya kusa ƙarewa. Dabino kuwa ya yi fure. Mun ga mutum ya hau kan dabino da furen namiji a hannu, ya sa shi cikin furen mace, ya ɗaure. In ba a yi haka ba, dabinon ba ya yin ƴaƴan kirki.

Ina suke samun ruwa? Idan aka yi ruwa bisa duwatsu a watan Yuli da Agusta, sai ya gangaro da ƙarfi cikin ƙoramu. Kwana kaɗan ƙorama ta bushe a ido. Amma yashi ya sha, ya ɓoye ruwan a ƙarƙashi. Shi ne ake haƙa rijiyoyi a gefe ana ɗebowa duk shekara.

Dabarar ɗebo ruwa ta gargajiya sunanta takarkart. Ana kafa itatuwa bisa bakin rijiya, a sa musu abin da igiya ke gudu a kai. Wasakin yana da dogon baki kamar hannun riga, da igiya 2. Raƙumi ko sa ne ke ja, yaro na gaba yana jan dabbar. In wasaki ya iso sama, bakinsa ya miƙe da kansa, ruwa ya zuba cikin kwami, ya bi ƴar hanya zuwa fangali. Mai garka na tsaye da fartanya. Ya buɗe wa wannan fangali, in ya sha ya toshe, ya buɗe wa na gaba. Kowane fangali da rabonsa.

Yau injin ban ruwa ya shiga garake da yawa. Ya rage wahala, ya sa an faɗaɗa noma, musamman na albasa. Albasar Abzin tana fitowa ne bayan damana, lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci a kasuwa, shi ya sa take samun daraja. Manyan motoci na kwasarta zuwa Agadas, daga nan a yi kudu da ita har ƙasashen bakin teku. Amma wani mai garka ya nuna mana rijiyarsa, ya ce sai da ya ƙara mata zurfi. Ya ce: "Malam, raƙumi in ya gaji yakan tsaya, rijiya ta huta. Inji ba ya gajiya." In kowa ya ja fiye da abin da ƙorama ta ajiye, dabinon da kaka ya dasa shi ne zai fara bushewa. Ga kuma kuɗin isansi, ga faɗuwar farashi in albasa ta fito gaba ɗaya.

Ruwan nan da ke rayar da su, shi ne kuma ke yi musu ɓarna. Ƙorama na iya zuwa ba zato, ko da sama garau take a inda kake, don can bisa dutse aka yi ruwan. Tana cinye gefen garka, ta binne rijiya. A farkon watan Satumba na 2009 ƙoramar Telwa ta fasa, ta rushe gidaje masu yawa a Agadas. Don haka mutanen dutse ba sa kwana cikin ƙorama da damana. Suna jera duwatsu a gefen garake. A wasu ƙoramu kuma an gina ƴan madatsai gajeru, waɗanda ke rage wa ruwa gudu don ya samu ya nutse cikin ƙasa. Mutanen Adar sun san irin wannan aiki, don an yi shi sosai a Keita tun daga 1984.

Garin da mazansa ke wajenku

Mun lura a cikin gari da rugage mata da tsofaffi da yara sun fi yawa. Mata ke kiwon awaki, su ke yin cuku. Dalili shi ne ayari. Wajen watan Oktoba maza ke ɗaure raƙuma, madugu na gaba, su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma. Suna kai hatsi, su sayo gishiri da dabino. In sun dawo sun ɗan huta, sai su yi kudu, su sayar da kantu da beza, su sayi gero. Suna zama ƙasar Hausa wata da watanni, sai damana ta gabato su koma gida. Ke nan lokacin da muke shan shayi a Timiya, wasu mazan garin suna gonakinku. Geron da ka auna wa Ba'abzine a kasuwa, a nan ake daka shi.

Ayari ya ragu, don motoci sun karɓi wani kashi na aikin. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, samari da yawa sun tafi haƙa. Motocin hawa da moto sun yawaita a hanyoyin dutse. Amma har yanzu gishiri na sauka kudu, gero na hawa arewa.

Arewa da Timiya akwai kangon Asode, tsohon babban gari na Abzin. Mun kai can da yini guda. Ganuwar gidaje na dutse na nan tsaye, da kangon babban masallaci, amma babu kowa sai iska. Daga wannan yanki ne gandun dajin Abzin da Tenere ya kama. Gwamnati ta kafa shi a 1988, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1991. An hana farauta a ciki, don barewa da ragon dutse sun yi ƙaranci ƙwarai.

Abin da za mu ɗauka

Mun sauko Agadas lafiya bayan kwana 6, da buhun tafarnuwa ɗan ƙarami da aka ba mu tsaraba.

Ga mai niyyar zuwa: ya tafi tsakanin ƙarshen kaka da farkon bazara, kada ya tafi da damana. Kada ya tafi shi kaɗai, kada ya yi tafiyar dare. Ya sa hular kwano. Ya ɗauki ruwa fiye da abin da yake zato zai sha. Ya tambayi hukuma da mutanen wurin kafin ya kama hanya.

Ga wanda ba zai je ba kuwa, ya duba abin da ke kusa da shi. Mu a kudu muna samun ruwan sama fiye da Abzin nesa ba kusa ba. Muna da fadamu da tafkuna. Duk da haka ruwan na wucewa ta gonakinmu da gudu, ya tafi da ƙasa mai kyau, mu kuma mu zauna rani hannu sake. Jera duwatsu a gona ba ya cin kuɗi. Dasa itace 2 ko 3 a bakin rijiya ba ya cin kuɗi. Wanda ya sayi inji, ya riƙa duba zurfin rijiyarsa kowane wata, ya yi shawara da maƙwabtansa kan yawan ruwan da za a ja.

In Ba'abzine ya sauka gonarka bana, ka ba shi wuri, ka tambaye shi labarin garkarsu. Zai gaya maka fiye da abin da muka rubuta. Allah ya kai mu damana lafiya, ya ba mu mai albarka.