"Ina Ciki": Yarda da Abokan Tafiya a Yawon Buɗe Ido

Duk lokacin da aka kawo shawarar fita yawon buɗe ido a ajinmu, kafin mai magana ya rufe baki sai ka ji "ina ciki" ta ko'ina. Ranar tafiya kuwa, in an sami rabin masu ɗaga hannu a bakin ƙofar makaranta sai a gode wa Allah. Da yake an sha ɗora mini shirya irin wannan tafiya, na daɗe ina auna gwargwadon yardar da ta kamata mai shiri ya ba mutane.

Ni dai ban ɗauki waɗanda suka noƙe a matsayin maƙaryata ba. Bahaushe mutum ne mai kara, yana jin nauyin ya dubi tsabar idon abokinsa ya ce masa a'a, balle a gaban jama'a. Saboda haka "to" ɗinsa iri-iri ce. Akwai ta alkawari, akwai ta na-ji-ka, akwai kuma ta a-rabu-lafiya. Wanda ya ce maka "sai yadda hali ya yi" ya riga ya ba ka amsa, saura ya rage naka. Abin da ya sa ke nan ba na ƙidaya hannuwa, sai waɗanda suka ba da kafin alƙalami. Wasu kan ji zafin wannan, su ce na raina maganarsu. Amma fa shatar mota ba ruwanta da kujerar da ba kowa: kuɗin da aka yi da direba shi za a biya, waɗanda suka cika alkawari su ne za su ɗauki nauyin waɗanda suka saɓa.

Daɗin daɗawa, yarda ba dunƙulalliyar aba ba ce da za a miƙa wa mutum ɗungurungum. Ina da aboki wanda in ka ba shi ajiyar kuɗi ko kwabo ba zai yi ciwon kai ba, amma in kun yi da shi a haɗu da asuba, to sai hantsi ya dubi ludayi. Ma'aji ne na ƙwarai, sai dai ba a ba shi aikin tashin mutane. Alal misali, a ce Argungu za a je. Gasar kamun kifi a Matan Fada kamar sa'a guda ce, wanda ya makara sai dai ya tarar ana auna kifi.

Wanda na fi jin tsoro shi ne mai cewa "ai na sani". Ba ƙarya yake yi ba, saninsa ne ya tsufa. Zai gaya maka bikin Argungu tun 1934 ake yinsa, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin, kuma gaskiyarsa. Abin da ba zai tuna ba shi ne an yi kusan shekara goma ba a yi bikin ba kafin a farfaɗo da shi a 2020. Haka Hawan Daushe a Kano: kashegarin salla ake yinsa, ƙaramar salla kuwa tana rataye da ganin wata, sa'an nan a 2020 annobar korona ta hana hawan baki ɗaya. Irin wannan labari daga bakin mutanen garin ake nemansa, a makon tafiyar. Ƙanen mai "na sani" shi ne mai cewa "ina da ɗan'uwa a can, kada ku damu da masauki". Tambaya ɗaya nake yi masa: ka gaya wa ɗan'uwan namu yawanmu?

Duk da haka, rashin yarda ma yana da nasa kuɗin. A wata tafiya da muka yi Yankari, shugaban tafiyar ya ƙi sakar wa kowa kome. Kuɗi, abinci, lissafin kawuna, duk shi. Muna cikin ruwan ɗumi na Wikki yana gindin bishiya rungume da jaka, har muka dawo bai jiƙa ko ƙafarsa ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne inda muke tsananta bincike da inda muke sakaci. Za mu kwana muna titsiye ma'aji a kan canjin da bai kai kuɗin shayi ba, alhali kuwa direban da ba mu taɓa gani ba sai safiyar nan, mu shige motarsa mu miƙa masa rayukanmu, har mu yi barci. Wannan ita ce yarda mafi girma a tafiyar, ita ce kuma ba mai tattaunawa a kanta. Ni kam ana gobe tafiya nakan je tasha da kaina, in tambayi shugabanninta halin direban, in yi sharaɗi da shi cewa ba tafiyar dare, sa'an nan in durƙusa in duba tayoyin motar ɗaya bayan ɗaya, har da safaya.