Kimiyyar Harshe a Tsakanin Kunyoyi

Duk mai neman gurbin digiri na biyu a fannin kimiyyar harshe ya san darussan da ke jiransa a jarrabawar shiga: tsarin sauti, ƙirar kalma, ginin jumla da ilimin ma'ana. Ni nawa shirin a ƙauyenmu na ƙasar Dambatta nake yinsa, inda gona ke manne da gona, ba fegin da ake bari ya huta, ga kuma damina da ba ta san da zaman wata jarrabawa ba. Hantsi na hauya ne. Dare na littafi ne, gwargwadon cajin fitila.

Abokaina na birni suna tausaya mini, kuma suna da hujja. Nahawun Paul Newman na 2000 da na Philip Jaggar na 2001 ba su da arha, mu sai dai hoton shafuka a waya. Amma akwai abin da karkara ta ba ni wanda ɗakin karatu ba ya bayarwa, wato kunne.

Ɗauki dokar Klingenheben, wadda ɗalibai ke haddacewa kamar karatun allo. Ta nuna yadda wasu baƙaƙe ke raunana idan suka zo ƙarshen gaɓa, shi ya sa daga talaka aka sami talauci. A kasuwar Dambatta dokar tana yawo da ƙafafunta. Bakano ya ce zauna, sauro, auduga. Baƙon da ya zo daga Katsina ko Maraɗi ya ce zamna, sabro, abduga. Tsohuwar siga da sabuwa suna ciniki a rumfa ɗaya. Haka azuzuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960. Yayana bai taɓa jin sunan Parsons ba, amma idan ya ce ya sayi taki, ya sayo shi daga gari, wani ya saye na kasuwa kaf, shi kuma ba zai sayar da nasa ba, to ya ratsa azuzuwa huɗu ba tare da ya ajiye garma ba. Ko ganɗantawa, kaza ɗaya da kaji goma na tsakar gida sun isa misali.

Damuwata ita ce tsoffin takardun tambayoyin da nake bi ba su cika neman wannan kunnen ba. Kawo ma'anar kaza, bambanta kaza da kaza, faɗi abin da Chomsky ya zo da shi a 1957. Ban raina waɗannan ba. Wanda bai san Greenberg ya sanya Hausa cikin reshen Cadi na dangin Afro-Asiya ba, bai shirya ba. Sai dai mai hadda zai iya cinye irin wannan jarrabawa alhali bai taɓa zama gaban dattijo da takarda ba. Da za a saurare ni, da an miƙa wa kowane ɗalibi jumloli ashirin na harshen da bai sani ba, Bole ko Ngizim, a ce ya fitar da ƙa'idarsu.

Kuma aikin na gaggawa ne. G. P. Bargery, a ƙamusunsa na 1934, yakan nuna yankin da kalma ta fito, domin sai da aka bi gari-gari kafin a tara ta. Yau a ƙauyenmu gandu yana watsewa, gado yana yanka gonaki ƙanana-ƙanana, samari sun koma acaba da cirani. Ƙanena ɗan aji uku na sakandare ya san huɗa da maimai, amma da na tambaye shi bambancin gandu da gayauna sai ya yi shiru. Binne kuwa, shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa kafin saukar ruwa, ya ɗauka zancen jana'iza ne. Kakarmu tana da sunaye na matakan girman gero tun daga tsiro har zuwa dami, kuma na fara rubuta su a bayan littafin da nake bitar ginin jumla. Zuwa jiya mun cika shafi uku, ta ce ba mu taɓa dawa ba tukuna.