Haruffan da ke bayan tikitin jirginka

1/ Jama'a, duk wanda ya taɓa sayen tikitin jirgi a hannun ejan, ko yake sha'awar koyon sana'ar, ya matso. Wata uku ke nan ina koyon manhajar da ake yanka tikiti da ita, tsakanin lakca da lakca. Zaren yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni. 🧵

2/ Sunan tsarin GDS. Shi ne yake haɗa kamfanonin jiragen sama da ofisoshin ejan a duniya. Manyansu uku ne: Amadeus, Sabre, da Travelport mai Galileo. American Airlines da IBM ne suka gina Sabre a farkon shekarun 1960. Amadeus kuma a 1987 Air France, Iberia, Lufthansa da SAS suka kafa shi. Shi nake koya.

3/ Idan kana zaton irin manhajar waya ce mai hotuna da wurin dannawa, a'a. Allo ne fili, kai ne za ka rubuta masa umarni da gajerun haruffa. Ka ƙara harafi ɗaya ko ka rage, ya ƙi ka. Ba ya lallashi, ba ya cewa "ko kana nufin kaza?"

4/ Darasin farko hadda ce. Kowane filin jirgi yana da haruffa uku: Kano KAN, Abuja ABV, Legas LOS, Sakkwato SKO, Maiduguri MIU, Yamai NIM, Jidda JED, Madina MED, Alƙahira CAI. Kamfanoni kuma biyu: Saudia SV, Ethiopian ET, EgyptAir MS, Qatar QR. Idan wani ya ɓace maka, DAN da sunan garin zai fito maka da shi.

5/ Misali wata Hajiya tana son tafiya Umara ranar 15 ga Disamba. Sai ka rubuta:

AN15DECKANJED

Ma'ana: nuna min jiragen da ke da kujera ranar nan daga Kano zuwa Jidda. Sai layuka su zubo, kowanne da lambar jirgi, lokacin tashi da sauka, da jerin haruffa masu lamba irin su Y9 M4 Q0.

6/ A nan na fahimci abin da ke haɗa mutane faɗa da ejan. Kowane harafi aji ne na farashi. Lamba 9 tana nufin kujera tara ko fiye, 0 kuma ta ƙare. Mutum biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa a jirgi ɗaya, amma kuɗin da suka biya ba ɗaya ba ne, saboda ajinsu daban.

7/ Don haka idan ejan ya ba ka farashi da safe, ka dawo da la'asar ya ce ya hau, ba lallai cuta ba ce. Ta yiwu kujera biyu ce ta rage a aji mai sauƙi, wani a wata ƙasa ya kwashe. Ana samun macuta, ban musa ba. Amma wannan hawan dai na gan shi da idona a allo.

8/ Mu ci gaba da Hajiya. Abu biyar ne idan babu su ba a ajiye mata kujera:

SS1Y1, kama kujera ɗaya a ajin Y a layi na farko
NM1MUSA/AISHA MRS, suna
AP, lambar waya
TKOK ko TKTL, batun lokacin yanka tikiti
RF, wanda ya ba da umarnin

Sai ER, ya adana komai ya ba ka lamba mai haruffa shida. Wannan shi ne PNR.

9/ Ku lura da nan sosai: PNR ba tikiti ba ne fa. Ajiyar kujera ce kawai, kuma tana da wa'adi. Idan ya wuce ba a biya ba, kamfanin jirgin ya soke. Sai an yi FXP an lissafa kuɗin, an sa hanyar biya da FP, sannan TTP ya fitar da tikiti.

10/ Tikitin gaske yana da lamba 13, ukun farko na kamfanin ne: Saudia 065, Ethiopian 071, EgyptAir 077, Qatar 157. In wani ya karɓi kuɗinka ya turo maka takarda mai haruffa shida kaɗai, ka tambaye shi lambar tikiti. Sannan ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka ka duba. Ko wannan kaɗai kuka ɗauka a zaren nan, ya isa.

11/ Yanzu wurin da ya fi ba ni tsoro: suna. Mu Hausawa suna ɗaya sai mu rubuta shi kala huɗu. Muhammad, Mohammed, Muhammed, Muhammadu. Aisha, Aishatu, A'isha. Ga Sa'adatu da Mu'azu, kuma tsarin ba ya karɓar wannan ɗan waƙafin na sama. Ga masu sunan gari a ƙarshe, ga matan da fasfonsu ke ɗauke da sunan miji.

12/ Ƙa'idar da malaminmu ya kafa mana: ba a rubuta suna daga baki, ba a kwafa daga saƙon WhatsApp. Fasfo za ka buɗe, ka kalli layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto, ka kwafa harafi bayan harafi. Gyaran suna bayan an yanka tikiti sai yadda kamfani ya ga dama. Wani ya caje ka, wani ya ce sai dai sabon tikiti.

13/ Na biyu shi ne lokaci. Awa 24 ake amfani da ita, kuma kowane gari da agogonsa. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. Jirgin da aka rubuta 0130 ranar 16, tun daren 15 ya kamata fasinja ya isa fili. Idan ejan bai faɗa da baki ba, tsohuwa za ta zo daren 16 da jakarta ta tarar jirgi ya tashi tun jiya.

14/ Wannan ne ya canza min yadda nake atisaye. Da farko burina sauri, in ga yatsuna suna gudu kamar na masu ofis. Yanzu kowane layi na gani, sai in tuna kuɗin wani ne. Wata adashen shekara uku ta zuba. Wani gona ya sayar don kai mahaifinsa asibiti a Masar ko Indiya. Wani biza ce a hannunsa mai wa'adi.

15/ Yadda nake atisayen: akwai ɓangaren gwaji, da JJ ake shigarsa maimakon JI. Komai kamar gaske, amma ba ka taɓa kujerar kowa. Matsalar ita ce samun shiga, don sai ta hannun cibiyar horo ko ofishin ejan. Mu da yawa, kwamfutocin kaɗan, ga wuta sai a hankali. Wani lokacin rabin awa ce rabona a rana.

16/ Sai na koma littafi da biro. Kowane dare ina ƙirƙiro fasinja uku: mai jariri ɗan ƙasa da shekara biyu, mai keken guragu, mai zango a Adis Ababa. In rubuta umarninsu tun daga AN har TTP. Washegari in na samu kwamfuta, in zuba su in ga inda allon zai yi gardama. HE kuma yana buɗe bayanin kowane umarni, kyauta.

17/ Don Allah kar a yi gwaji a tsarin gaske. Kama kujera da sokewa a kai a kai, ko sa sunan bogi, kamfanonin jirgi suna gani. Takardar tara ce za su turo, ana kiranta ADM, kuma ofishin ne zai biya. Mai gida ya ba ka amanar kwamfutarsa, kai kuma ka jawo masa bashi.

18/ Sana'ar kuma tana jin jiki idan tattalin arziki ya girgiza. A 2023 ƙungiyar IATA ta ce kuɗin kamfanonin jiragen waje sama da dala miliyan 800 sun maƙale a Najeriya. Kamfanoni da dama suka rufe azuzuwa masu sauƙi ga masu saye da naira. Emirates ma ta dakatar da zuwa a 2022, sai Oktoba 2024 ta dawo. Fasinja kuwa ejan yake gani, shi yake zagi.

19/ Abokaina suna cewa, "Kowa yanzu da wayarsa yake saye, me za ka yi da wannan tsohon yayi?" Akwai gaskiya a ciki. Kano zuwa Abuja ba ka buƙatar kowa. Amma ranar da aka canza lokacin jirgi, alamar HK ta koma TK ko UN, zangon gaba ya kuɓuce, ga mutum goma 'yan gida ɗaya, wanda ya iya karanta allon ake nema.

20/ Ga mai son koya: kafin ka biya kuɗin kwas, tambayi ko za a ba ka shiga ɓangaren gwaji, da kuma awa nawa. Idan takardun karatu kawai za su tura maka a waya, riƙe kuɗinka. Karatun tuƙi ba ya sa mutum ya iya mota. Ka zaɓi tsari ɗaya ka iya shi tukuna, don Sabre da Galileo umarninsu daban ne.

21/ Ni dai har yanzu ɗalibi ne, lissafin canjin tikiti da mayar da kuɗi ne a gabana wannan watan, kuma an ce nan ne ƙashin bayan aikin. Masu sana'ar da ke nan, ku ƙara mana abin da kuka sani a ƙasa. Sauran kuma ku tura wa iyayenku lamba 10 da 13 kafin lokacin Umarar azumi. Allah Ya sa mu dace.