Ranar da Sakatar Bindigar Baba Ta Cije a Hannuna

Yau ba sanarwar taro na kawo ba, ba kuma tunin kuɗin wata ba. Wani abu ne ya faru da ni a daminar da ta wuce, na daɗe ina jin kunyar faɗa, amma na ga ɓoye shi ba zai amfani kowa ba.

Akwai wani dattijo a cikinmu a nan Sabo, Ibadan, wanda duk muke kira Baba. Yana da gona a hanyar Iseyin, masara da rogo yake nomawa, kuma yana da wata tsohuwar bindiga 'yar ƙarama, mai cin harsashin .22, wadda yake korar gafiya da kurege da ita tun ina makarantar firamare. Da lasisinta, kuma bai taɓa bari ya mutu ba. Tunda idonsa ya yi rauni, ni nake cike masa takardu. Da lokacin sabuntawa ya zo, sai ya ce da ni, "Sakatare, gobe za mu je da ita wajen hukuma. Ka zo bayan La'asar ka goge mini ita, kada a ga tsatsa a ce ban san darajar kayana ba."

Na ce to, Baba. A raina kuwa na ce wane abu ne mai wuya a nan? Ni da nake kwance janareto in ɗaure, nake gyara keken ɗinkin uwargida.

Ga wanda bai san irin wannan bindiga ba, tana da wani ƙarfe mai hannu a bayanta, aikinsa kamar na sakatar ƙofa. Ka ɗaga hannun sama, ka ja baya, ka tura gaba, ka mayar da hannun ƙasa ya kulle. Shi ke tura harsashi ciki, shi ke rufe bayansa, shi kuma ke fizgo kwanson da aka harba. Sakata zan riƙa kiransa.

Baba da kansa ya cire gidan harsashi, ya buɗe sakatar, ya sa ɗan yatsa ya tabbatar ba komai a ciki, sannan ya miƙo mini. Ya ce in goge waje, in zura tsumma a bututun, shi ke nan. Ya shiga ciki ya kishingiɗa. Ni kuwa da na ga datti ya taru tsakanin ƙarfe da katako, sai zuciya ta ce mini aikin rabi da rabi ba naka ba ne. Na ɗauko sukudireba na kwance sukurori biyun da suka riƙe ƙarfen a jikin ƙota. Na zare sakatar na jiƙa ta a kananzir, na wanke ta fes, na shanya. Na mayar da komai, na ɗaure sukurorin iya ƙarfina, don a ganina abin da ke harbi ba a barinsa da sako-sako.

Da na zo mayar da sakatar, ta shiga rabi ta tsaya. Na danna da tafin hannu, ta wuce da wani ƙara kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. Na kulle da kyar. Na zo ɗaga hannun, kamar an yi masa walda. Abin da ɗazu Baba ya buɗe da yatsa biyu, yanzu sai na dafe bindigar da gwiwa.

Zufa ta karyo mini. Na tsiyaya man keken ɗinki ko'ina har yana ɗiga a tabarma, ba ta sake ba. Na ja kunama sau uku ko huɗu ko za ta warware, shiru. Wallahi har na ɗauko guduma na naɗe kanta da tsumma. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne maganar da na fara shiryawa a raina: in ce wa Baba ai bindigar ce ta tsufa, dama datti ne ke riƙe da ita. Mutum ya ba ni amanar abin da ya riƙe shekara arba'in lafiya, na ɓata cikin awa ɗaya, kuma ina neman ɗora wa tsufa.

Tunani na biyu shi ne in naɗe ta a buhu in kai wa wani mai walda da na sani. Nan ma Allah ya tsare. Duk wanda ke zaune a wannan gari ya san halin da ake ciki, musamman tun bayan rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021. Ga 'yan sanda a hanya, ga 'yan Amotekun. A tare Bahaushe da bindiga a buhu da magariba, lasisin kuma ba sunansa ba ne, kafin ya gama bayani labari ya zaga gari, kuma ba shi kaɗai abin zai shafa ba. Ban da haka, dokar makamai ta 1959 ba ta bar gyaran bindiga ga kowane maƙeri ba, sai wanda hukuma ta ba izini.

Na ajiye gudumar, na yi sallama a ƙofar ɗaki. Na ce, "Baba, na yi ɓarna." Ya fito ya gwada hannun sakatar sau ɗaya, bai ƙara ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce wa jikansa, "Je ka kira mini Sufeto." Sufeto tsohon ɗan sanda ne da ya yi ritaya, ya yi shekaru a ɗakin ajiye makamai, kuma tare suke sallah a sahun gaba.

Da ya zo, abu na farko ya juya bakin bindigar ya kalli bango. Ya buɗe ta a hankali, ya leƙa, ya sa yatsa, duk da mun ce masa babu harsashi. Ya ce shi bai taɓa karɓar wannan magana daga bakin kowa ba, sai idonsa ya gani. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam Sakatare, kafin ka taɓa ta lafiya take?" Na ce lafiya lau. Ya ce, "To ciwon yana cikin abin da ka taɓa. Lissafo mini su ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake ko ɗaya."

Na lissafa: kananzir, sukurori, tsumma, mai. Ya ce saura tambaya ɗaya, a ina take cijewa? Wajen ɗaga hannu, ko wajen ja da turawa, ko wajen kullewa? Domin kowanne da inda yake nunawa. Na ce wajen ɗagawa da wajen turawa. Ya ce to cuta biyu ce ke nan, ba ɗaya ba.

Ya zare sakatar ya nuna mini bayanta. Akwai wani ɗan gangare da aka yanka a jikin ƙarfen. Idan ka ɗaga hannu, a kan wannan gangaren wani ƙarfe ke hawa ya matse sifirin ɗin da ke harba allurar da ke dukan harsashi. Wurin yana ɗaukar nauyi sosai, ni kuma kananzir ya wanke duk maiƙon da ke kai, ƙarfe na gugar ƙarfe a bushe. Man da na tsiyaya daga waje bai ma kai wurin ba. Ya goge duk man nan tas, ya ɗebo giris da kan tsinken ashana, abin da bai kai ƙwayar gero biyu ba, ya shafa a gangaren da kuma wurin da sakatar ke kullewa. Ya ce mai da yawa ƙura yake tarawa, in hunturu ya zo ya zama kamar kunu, kuma wanda ya shiga bututu dole a goge shi kafin a yi harbi.

Ya mayar. Hannun ya ɗagu da sauƙi, amma turawa tana nan da ƙararta. Sai ya sake zarewa ya kai ta gaban fitila yana juyawa. A ƙasanta ga wani sabon layi siriri yana ƙyalli, inda wani abu ya karce ta. Ya ce ƙarfe ba ya ƙarya, duk inda ake gugarsa sai ya nuna. Ya ɗauki sukudireba ya sassauta sukurun gaba zagaye ɗaya. Ya tura sakatar da ɗan yatsa, ta wuce sulu.

Ya kwance sukurorin biyu ya jera su a tafin hannunsa. Ashe ba tsawonsu ɗaya ba. Ɗaya ya fi ɗaya da abin da bai wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ni na sa dogon a ramin gajeren, na kuma murɗa shi da ƙarfin tsiya, har kansa ya leƙo cikin hanyar da sakatar ke bi. Gajeren kuwa can baya da kyar ya kama. Ya mayar da kowanne raminsa, ya ɗaure su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, yana gwada sakatar bayan kowane murɗi, har suka zauna daram ba tare da an danne katakon ba. Duka aikin bai kai minti ashirin ba.

Da na ce masa saura kaɗan in sa guduma, sai ya yi shiru, sannan ya ce da hannun sakatar ya lanƙwashe ko ya karye, kuma kayan irin wannan tsohuwar bindiga ba a samunsu a kasuwa. Jan kunamar da na yi ba harsashi ma ya ce in daina, domin a yawancin tsofaffin bindigogin .22 allurar bakin ramin harsashi take duka idan babu komai a ciki, a hankali ta yi masa tabo har harsashi ya riƙa maƙalewa. Ya kuma ja kunnena a kan abu ɗaya: kada a taɓa gwada sakata da harsashi mai rai a cikin gida, ko da wasa. Idan kuma an bi duk waɗannan ba ta sake ba, a bar ta haka a kai wa mai izinin gyara, mai lasisin da kansa, da takardarsa a aljihu.

Baba bai ce uffan ba sai da Sufeto ya tafi. Ya ce, "Ɗana, gogewa na ce ka yi." Na ce haka ne, Baba, a yi haƙuri. Ya ce, "Amma da ka zo ka faɗa, ka gyara rabin laifin. Gobe ƙarfe takwas." Washegari muka je, aka duba lamba, aka duba takarda, muka dawo.

Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni dai na ɗanɗana. Tun daga ranar, ko janareto zan kwance sai na ɗauki hoto da waya tukuna, in jera sukurori a kan takarda yadda na ciro su. Idan abu ya ƙi komawa, ba na neman guduma, abin da na taɓa na ƙarshe nake komawa in duba.

'Yan uwa manoma da mafarauta da ke da bindiga mai lasisi, a duba ranar da takarda za ta ƙare tun da wuri. Wanda ke bukatar a taya shi cike fom, ina ofis kowace Asabar bayan Azahar. Fom kawai, don Allah, kada a kawo mini bindiga. Allah ya tsare mu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.