Ƙofar da ba ta ce a'a ba

A Hausa, "ba a san ni ba" da "ba nawa ba ne" da "an hana ni" magana uku ce daban-daban. Kwamfuta kuwa takan dunƙule su cikin jimla guda ta Ingilishi, "Permission denied", wato ba ka da izini. Duk wanda ya taɓa kwashe aiki daga Subversion zuwa Git ya san zafin jimlar nan. A ganina, rabin maganin shi ne gane wacce ake nufi cikin ukun.

Mu biyar ne a ƙungiyarmu, muna tattara kalmomin Adaranci da Damagaranci. Ajiyar da muka gada tana kan Subversion, manhajar da aka soma a 2000, wadda ke riƙe tarihin kowane gyara a sarwa guda. Muka yanke shawarar komawa Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, don yana ba kowa cikakken kwafi a na'urarsa. Wanda ya san halin koneksiyo da ɗaukewar wuta a nan, ba sai an yi masa bayani ba.

Ƙofa ta farko ita ce "ba a san ni ba". A da, suna da kalmar sirri muke bayarwa. Yanzu sai makullan SSH biyu: na fili a sarwa, na sirri a wurinka. In ba a ɗora na filin ba, kai baƙo ne. In kuma wasu za su iya karanta na sirrin, SSH ya ƙi shi ƙememe, sai ka ƙulle shi da chmod 600.

Ta biyu, "ba nawa ba ne". Wani a cikinmu ya yi aiki da sudo sau ɗaya tak, shi ke nan wasu fayiloli cikin .git suka koma mallakin root, mu sauran muka kasa tura komai. Muka mayar da mallakar da chown, muka sa core.sharedRepository a kan group. Ta uku, "an hana ni", ita ce mafi sauƙi: an ba ka izinin karatu kawai, sai ka je ka sami mai kula da sarwa.

To amma abin da ya fi tsorata ni, ƴan uwa, bai nuna wani saƙo ba sam. A Subversion akwai fayil da ake kira authz, mai faɗin wa zai buɗe wane dosiye. Da shi aka rufe hirarrakin da aka naɗa da wasu tsofaffin ungozomai kan kalmomin haihuwa da magani. Sun yarda ne bisa sharaɗin masu bincike kaɗai za su ji. Git shi kaɗai bai san irin wannan shinge ba: wanda ya kwafi ajiya ya kwashe ta duka, har da tarihinta. Ko ka goge fayil yau, yana nan a baya. Wallahi da an tura haka, da muryar iyayen nan ta shiga hannun duk wanda ya shigo, ba tare da kwamfuta ta ce uffan ba.

Shi ya sa muka tsaya, muka karanta authz layi bayan layi kafin ƙaura. Kalmomi suka tafi ajiya ɗaya, hirarrakin suka tafi wata daban mai mutum biyu kacal.

In ƙungiyarku za ta yi irin wannan ƙaura, kada ku tsaya kan ƙofofin da suka ƙi buɗuwa kawai. Ku tambayi waɗanda suka riga ku me suka rufe, kuma wa suka yi wa alkawari.