Daga Landan Zuwa Gonakin Sarakunan Dā

Ƙarfe takwas na safe na shiga jirgin ƙasa a tashar Liverpool Street da ke Landan. Tikitin zuwa da dawowa ya ci mini kusan fam 50. Ban yarda na juya shi zuwa naira ba, don kada raina ya ɓaci tun da sassafe. Kilomita 110 ne zuwa Ipswich, muka cinye su cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Can na sauya wani ƙaramin jirgi, minti ashirin ya sauke ni a Melton.

Ba ɗan acaba, ba mai Keke, ba ma wanda zan yi wa sallama. Na taka kilomita biyu, na haye gadar kogin Deben, na kama hawan tudu ina haki, iska mai sanyi tana yankar kunnena. A ƙofar Sutton Hoo wata ɗaliba mai digirin digirgir tana jirana, takalmanta duk taɓo.

Gaskiya na zaci zan ga abin kallo. 'Yan tuddai ne kawai, kusan 18, ciyawa ta rufe su. Amma a ƙarƙashin ɗayansu ne Basil Brown ya tono jirgin ruwa mai tsawon mita 27 a 1939, a filin Edith Pretty. Katakon ya riga ya ruɓe, don yashin wurin yana cin itace da ƙashi. Sai sawunsa da layukan ƙusoshin ƙarfe suka rage. An binne wani babba a ciki wajen shekarar 625, ana kyautata zaton Sarki Raedwald ne. Kwalkwalinsa da zinarensa suna Gidan Tarihi na Birtaniya, wato a Landan ɗin da na baro.

"To me kike nema a nan, tunda an kwashe kayan?" na tambaye ta.

Ta ja ni saman hasumiyar kallo, ta nuna kogin. Ita ba zinare ya dame ta ba. So take ta gane dalilin da ya sa aka jawo jirgi daga ruwa har kan tudu, ina mashigi yake, ina gonaki, ina makiyaya, wa ke hango kabarin in ya taso daga teku. Kayan aikinta tsofaffin taswirori ne, da hotunan leza da ake ɗauka daga sama, da na'urar da ke jin maganaɗisun ƙasa ta nuna rami ko murhun da aka binne ba tare da an sa diga ba.

Hukumar da ke ɗaukar nauyin irin wannan bincike tana biyan kuɗin makaranta, ta kuma ba da alawus, fam 19,237 a zangon 2024/25, na tsawon shekara uku da rabi zuwa huɗu. Na ce mata ai ta warke. Ta yi dariya, ta ce haya da man mota ne ke raba kuɗin tun kafin wata ya yi nisa.

A motarta muka yi kilomita shida zuwa Rendlesham, inda wani malami mai suna Bede ya ce akwai mazaunin sarauta. Gona ce shimfiɗe, ko bango babu. Daga 2008 masu na'urar gano ƙarfe suka riƙa bin ta kunya-kunya, suna rubuta inda kowace tsabar kuɗi ta fito, har da ta zinare daga ƙasar Faransa. Daga wannan aka gane garin ya kai hekta 50, kuma a 2022 aka tono harsashin wani zaure mai mita 23 a tsawo, 10 a faɗi.

Na kawo mata zancen Kufan Kanawa da ke yankin Damagaram. Ashe ta san shi: Anne Haour, wadda ta yi tono a can, tana koyarwa a jami'ar da ke Norwich, nan arewa da mu. A Kufan Kanawa ganuwar dutse tana nan ana gani. A nan sai an yarda da na'ura.

Ta sauke ni a tashar Wickham Market da yamma, ƙafafuna sun yi tsami. Jirgi ɗaya ne a awa, kuma ya wuce bai daɗe ba. Na zauna jira, ko mai shayi babu.